Ki bar damina ta tayaki renon yaran nan

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce yaranki uku ne, ɗan shekara bakwai, 'yar shekara biyar da auta mai uku, tun da aka yi dogon hutu sun tare a gaban talabijin, in an ɗauke wuta kuma su dawo kan wayarki. Kina neman abin da za su riƙa yi a waje, ga shi gidan haya kuke a Kano, tsakar gidan ba yalwa.

Ni dai kada ki zuba kuɗinki a kayan wasan roba, kwana biyu sun karya sun dawo miki da kuka. Hutun nan daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba yake kaiwa, tsakiyar damina ke nan, to ki yi amfani da ita. Abin da na ga ya fi riƙe nawa yaran, yanzu kuma jikoki, shi ne a ba kowa gonarsa. Tsohon bokitin fenti ko buhun siminti ya wadatar, a huda gindinsa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, a cika da ƙasa da ɗan takin awaki. Autan ki ba shi wake, domin wake ba ya ja wa yaro rai, kwana uku zuwa biyar ya fasa ƙasa. Sai dai ki shuka wani a ɓoye, don wallahi sai ya tono nasa ya ga ko ya fito. Ta tsakiyar a ba ta kuɓewa. In an shuka da farkon hutu, wajen wata biyu za ta fara 'ya'ya, ranar da aka kaɗa miya da kuɓewarta kuwa sai unguwa ta ji labari. Babban gyaɗa ta fi dacewa da shi. Ba za ta nuna kafin a koma makaranta ba, amma zai ga yadda furen nan rawaya yake bushewa, wani ɗan tsinke ya sunkuya ya shige ƙasa, a can ƙarƙashi gyaɗar take yin 'ya'ya. Manya da yawa sun ci gyaɗa har sun tsufa ba su taɓa lura da wannan ba. Kowace safiya akwai cirar ciyawa, akwai korar kaji, akwai gardamar ta wa ta fi tsawo. In kuna da akuya a gidan, a ɗora bokitan a inda bakinta ba zai kai ba.

Bayan an ɗauke ruwa kuma ga laka kyauta. Su gina shanu, tukwane, 'yar murhu, a shanya a inuwa. Na san wankin kike ji, to ki ware musu tsofaffin kaya biyu na wasa, ki ɗauke ido.

Amma gaskiyar magana, yara uku masu wannan tazarar ba sa daɗewa suna wasa tare, babban zai gaji da ƙananan. Wasanninmu taro suke so. Ki yi magana da matan da kuke haya tare ko maƙwabta biyu, ku yi karɓa-karɓa: yau a gidanki ke ce mai sa ido, gobe a na wata, ke kuma ki samu ki yi aikinki. Da gawayi kaɗai za a zana 'yar gala-gala a kan siminti. Ga tsallen igiya, ga ɓoyo, ga langa ga mazan, 'yan matan kuma ki koya musu carafke da gaɗa, kada ki ɗauka sun iya, yawancin yaran yanzu ba wanda ya nuna musu. Tsakuwar carafke dai a tattara ta bayan an gama, ɗan shekara uku bakinsa da hancinsa duk ma'aji ne. Da hantsi ya fi daɗi, sai kuma bayan la'asar ranar da babu Islamiyya. Kafin magariba kowa ya shige, lokacin sauro ya fito.

Inda nake so ki fi sa ido shi ne ruwa. Wankan ruwan sama a tsakar gida ba na hanawa in babu tsawa da walƙiya, a tsane musu jiki a sauya kaya da an gama. Kududdufi kuwa babu shi babu su, ko da rakiyar manyan yara. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini suna cika a watan Agusta, ba a gane zurfinsu daga sama, sannan a irin ruwan nan ake ɗaukar tsargiya, sai daga baya ki ga yaro yana fitsari da jini. A cikin gida ma bokiti ko baho mai ruwa ya isa ya halaka ƙaramin yaro, a rufe ko a kife, rijiya kuma a sa mata murfi mai nauyi. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro sun biyo gida-gida, wanda ake ba 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata a damina, autanki yana ciki, ki karɓa ki cika masa kwana ukun da ake shan sa.

Fita kuwa, sau ɗaya ko biyu a hutun ta isa. Gidan Zoo zai yi wa duka ukun, ku je da safe da ruwan shanku. Hawan Dutsen Dala sai dai babban da babansa, matakalar ta fi ƙarfin ƙananan, goyo za ki ƙare da shi. In kuna da dangi a ƙauye, sati guda a can ya fi duk waɗannan, amma ki haɗa da gidan sauro da takalma masu rufi saboda kunama da maciji a cikin ciyawa, ki kuma gaya wa kakarsu maganar kududdufin nan da bakinki, kada ki bar saƙo a hannun yara.