Hukuncin Nazarin Mutum-mutumin Yumɓu da Aka Samo a Unguwar Masu Sana'a ta Birnin Ur

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina digiri na biyu a fannin binciken kayan tarihi. An ba ni aikin nazarin kayan da aka samo a Diƙdiƙa, wata unguwa da ke bayan ganuwar tsohon birnin Ur na Sumeriyawa a Iraƙi. Akwai 'yan mutum-mutumin yumɓu, wasu siffar allolinsu, wasu mata tsirara, da hatimai da ake mirginawa a kan yumɓu zanensu ya fito, da mazubin da ake danna yumɓu a ciki siffa ta fito. Aikina awo da ɗaukar hoto da rubuta bayani, wani lokaci kuma a ce in mirgina hatimi ko in danna yumɓu a mazubi. Abokina ya ce hidimar gumaka nake yi, a garin Annabi Ibrahim da ya farfasa su. Mene ne hukuncin aikin da kuɗin tallafin da nake karɓa?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, asalin aikinka halal ne, kuɗin da kake karɓa a kansa ma halal ne. Sai dai akwai wurare biyu ko uku da zan ja maka kunne.

Hukunci ba ya hawa kan abu sai an san shi, don haka mu fara da sanin kayan. Ur kufai ne a kudancin Iraƙi, kusa da garin Nasiriyya. Baturen Ingila Leonard Woolley ya jagoranci tono a wurin daga 1922 zuwa 1934, aka raba kayan tsakanin gidajen tarihi na Bagadaza da Landan da Filadelfiya. Diƙdiƙa tana arewa maso gabas da babbar hasumiyar bautar garin, tazarar ba ta kai kilomita 2 ba. Yawan kayan yumɓu da mazubai da hatiman da ba a gama sassaƙawa ba shi ya sa ake ganin unguwar masu sana'a ce. Kuma ba duka ne gumaka ba. Akwai 'yan gadaje da kujeru da jiragen ruwa na yumɓu, akwai rubutun sarki Ur-Nammu, wanda ya yi mulki kimanin shekara 2100 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana ambaton magudanan ruwan da ya haƙa. Duk abin da ba siffar mai rai ba ne, babu wata magana a kansa: ka auna, ka zana, ka ajiye.

Saura masu siffar mutum ko dabba. Abokinka ba daga son rai ya yi magana ba, yana da abin riƙewa. Annabi (SAW) ya karya gumakan da ke kewaye da Ka'aba ranar buɗe Makka, kuma Muslim ya ruwaito cewa Sayyidina Ali ya aiki Abul Hayyaj da umarnin kada ya bar mutum-mutumi sai ya shafe shi. Amma mu duba dalilin. Gumakan Makka ana yi musu yanka, ana rantsuwa da su, masu bauta musu suna raye. Nanna, allan wata na mutanen Ur, an yi fiye da shekara 2,000 babu mai yi masa sujada a garin. Masu tarihi irin su Ɗabari sun kawo cewa Sa'ad bin Abi Waƙƙas, da ya ci Mada'in, babban birnin Farisa, ya yi salla a fadar sarkinsu Kisra akwai siffofi a ciki bai taɓa su ba. Wannan labarin tarihi ne, bai kai hadisi ƙarfi ba, amma ya dace da abin da ido ke gani: Sahabbai sun mallaki Iraƙi da Masar, kayan mutanen da kuma suka wanzu har yau. Malaman zamani sun yi saɓani a nan. Wasu sun tsananta, wasu kamar Darul Ifta, hukumar fatawa ta Masar, sun halatta ajiye su a gidan tarihi don ilimi. Na biyun nake rinjayarwa, matuƙar babu tsoron a koma bauta musu ko neman tabarruki da su.

Kuma Allah Ya ce a Suratur Rum, aya ta 42, a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, Ya ƙara da cewa mafi yawansu masu shirka ne. Ke nan kufan mushrikai aka ce a duba. Ni a ganina mazubin nan da ke hannunka ya fi wa'azi mai tsawo. Maginin tukwane ya kwaɓa laka, ya danna, ya gasa, ya fito da alloli iri ɗaya kamar masa a tanda, mai saye ya kai gida ya roƙa. Ai wannan ita ce tambayar Annabi Ibrahim (AS) ga mutanensa a Suratus Saffat: shin kuna bauta wa abin da kuke sassaƙawa da hannunku? Af, batun cewa Ur garinsa ne, daga littafin Ahlul Kitabi aka samo shi. Alƙur'ani bai ambaci sunan garin ba, malaman tarihinmu kuma sun ambaci Kusa ta ƙasar Babila da Harran. Kada ka gina hukunci a kai, kada kuma ka ɗauki ƙasar wurin da sunan albarka.

Yanzu wuraren jan kunne. A mazhabar Malikiyya, siffar da aka haramta ƙerawa ita ce ta mai rai, mai inuwa (wato mai jiki, ba shimfiɗaɗɗen zane ba), cikakkiyar gaɓɓai, mai daɗewa. Hoton kyamara da zane a takarda ba su da inuwa, don haka ba su shiga wannan haramcin ba. Amma danna yumɓu a mazubi har cikakken gunki ya fito, wannan ƙira ce sabuwa, kuma hannunka ne ya yi ta. Ka nemi a ɗauke maka, ka wadatu da hoton cikin mazubin, kwamfuta tana iya juya shi ka ga siffar. Mirgina hatimi ya fi sauƙi, domin rubutunsa a juye yake, ba ya karantuwa sosai sai an buga shi. Ka buga gwargwadon buƙata, ka ɗauki hoto, in an bar maka zaɓi ka murje yumɓun. Siffofin tsiraici kuwa, ka duba iya abin da awo da bayani ke buƙata, kada ka yaɗa su don nishaɗi.

Ciniki kuma ƙofarsa a rufe take. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Jabir cewa Allah da Manzonsa sun haramta sayar da giya da mushe da alade da gumaka. Saboda haka kada ka sayi kwafin gunki ka ƙawata ɗaki, kada ka yi dillancinsa. Wani zai ce ai dukiyar jahiliyya da aka binne rikazi ce, a fitar da ɗaya bisa biyar sauran na wanda ya tsinta. Hadisin rikazi ingantacce ne, amma Iraƙi ta yi doka mai lamba 55 a 2002 da ta mayar da irin waɗannan kaya dukiyar al'umma, kuma shugaba yana da ikon taƙaita halal don maslaha. Bayan wawashe gidan tarihin Bagadaza a 2003, dubban kaya sun shiga kasuwar bayan fage. Duk wanda ya kawo maka abu ba takarda ya ce ka tantance masa ko ka yi masa kuɗi, ka ƙi, taimakon ɓarawo ne.

In wata rana aiki ya kai ka filin tono, ka sani Malam Halilu ya kawo a Muhtasar cewa makaruhi ne tone kabarin jahiliyya don neman dukiya. In don ilimi ne kuma da izinin hukuma, abin da sauƙi, tun da an tone kaburburan mushrikai lokacin gina masallacin Madina, amma ka mutunta ƙashin ɗan Adam. Ka kuma shiga da zuciyar mai ɗaukar izina, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci Sahabbai da suka biyo ta kufan Samudawa a hanyar Tabuka.

Ka isar wa abokinka da gaisuwata, ka nuna masa wannan amsa cikin ladabi. Wallahu a'alam.