Bayan da ake tausa da wanda ba a taɓawa

Ka tambaye ni yadda ake gane ciwon bayan da ake sa wa hannu da wanda ake ƙyalewa. To yaro, buɗe kunnenka, ba zan maimaita ba.

Yawancin masu zuwa mana nan Aliero tsoka ce ta ja musu. Ɗan dako ya sunkuya ya sunkuci buhun albasa da ƙugu maimakon ya durƙusa ya ɗaga da gwiwa, ko manomi ya wuni a duƙe yana dashen shinkafa a fadama. Ciwon na tsayawa wuri ɗaya, motsi na tayar da shi, kwanciya na lafar da shi. Gashi da ruwan ɗumi, tausa mara ƙarfi, ya riƙa tattaki kada ya lazimci tabarma, cikin mako biyu zuwa shida ya wuce. Yadda ake gashi kuwa ba zan ɓata bakina ba.

Wuya ƙasusuwa bakwai ne, suna ɗauke da kai mai nauyin kusan kilo biyar. Ku yaran yanzu kun sunkuyar da shi a kan waya tun safe, sannan ku ce matashin kai ne ya karkace muku wuya. Amma wuyan da ya ƙage tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, musamman da bazara, ka ɗauka sanƙarau ne. Mota za a nema zuwa asibiti nan take. Haka wanda ke rama, yana gumin dare, ƙashin bayansa ya fara tasowa kamar doro: tarin fuka na cin ƙashin baya, danna shi na iya gurgunta mutum.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na jijiya. Ƙashin ƙugu guda biyar ne, tsakaninsu akwai faifan guringuntsi. In ya bulluƙo ya danne jijiya, zafin na bin ɗuwawu da bayan cinya har ƙasan gwiwa, tari ko atishawa na ƙara shi. Kwantar da mutum rigingine ka ɗaga ƙafarsa a miƙe. In zafin ya harba kafin ta yi nisa, shi ne. Wannan bayan ba a taka shi.

Wani dillalin albasa aka kawo mini a kwance da irinsa. Na ba shi ɗaki, ya ci tuwon gidana, har ya miƙe yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Na ce kada ya ɗauki ko butar ruwa cikakkiya sai ya yi mako shida, in kuma ƙafar ta fara nauyi ya tafi Birnin Kebbi a yi masa hoto. Ya rantse zai aiko da kuɗina da rago in ya sayar da kaya. Ashe daga nan kasuwa ya wuce, ya tarar ana lodi, ya ga yaran ba su da sauri, ya sa kafaɗa. Kafin magariba babban yatsan ƙafarsa ya daina ɗaguwa, takalmi na zame masa. Sai ya bi rumfa-rumfa yana cewa ni na lalata shi. Har abokan cinikina na Jega suka janye. Ko sisi bai biya ba, kuma yanzu in mun haɗu a jana'iza sai ya kau da kai.

Don haka duk sharaɗin da za ka ba mai ciwo, faɗe shi a gaban ɗan'uwansa. Kuma kafin ka taɓa shi, tambaye shi ko yana riƙe fitsari da bayan gida, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu. In ya yi shiru yana kallon ƙasa, sake tambaya bayan mutane sun fita. In amsar ta nuna matsala, a ranar zai kwana asibiti.