Daga Gareji: A-kori-kurata Ta Ƙi Riƙe Silo

Tambaya: Assalamu alaikum, Oga. Ina da a-kori-kura Toyota ƙirar 1993 mai injin fetur 22R-E, da ita nake jigilar masara daga ƙauyuka zuwa kasuwar Funtuwa. Wata biyu ke nan, in na tsaya sai ta kama karkarwa kamar mai masassara, wani lokaci har ta mutu, amma da na taka totur sai ta ware. Na canza fulogi da filtar mai, duk a banza. Bakanikena ya ce EGR ce, in bari ya toshe ta mu huta. In yarda?

Mai karatu daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa bakanikenka ya gano ɓarawon, amma hukuncin da ya yanke ne ban yarda da shi ba.

EGR bawul ne da ke ɗibar hayaƙi kaɗan daga hanyar salansa ya mayar cikin injin. Hayaƙin ya riga ya ƙone, don haka yana rage zafin wutar da ke cikin silinda, gubar NOx ta ragu. A Amurka aka fara yayinsa, farkon shekarun 1970. Ƙa'idarsa ita ce ya buɗe in mota ta yi zafi tana tafiya, amma a silo dole ya rufe ruf. In baƙin tokar hayaƙi ta daskare a bakinsa ya kasa rufewa, injin zai riƙa shaƙar hayaƙi a lokacin da iskar da yake samu ba ta da yawa. Ka ga karkarwa ke nan. Da ka taka totur iska ta yi rinjaye, shi ya sa take warewa.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Bari mota ta yi zafi, ka cire siririn tiyon da ke saman bawul ɗin, ka toshe bakin tiyon da yatsa. In silo ya daidaita nan take, bawul ba shi da laifi, abin da ke ba shi umarni ne ya lalace, galibi ɗan faifan modileta da ke kusa da shi. In ba abin da ya canza, samo wani tiyo mai tsabta ka sa a bawul ɗin ka zuƙa da baki. Lafiyayyen bawul zai sa injin ya shaƙe ko ya mutu. In ko gezau bai yi ba, to ko ya maƙale, ko robar cikinsa ta yage, ko hanyar ta cushe. Sai a kwance shi, a kankare tokar da burushi da maganin wanke kafireto, a sa sabon gaskit.

Kafin ka kwance komai, lanƙwasa babban tiyon iska da ke zuwa totur ka duba ƙarƙashinsa. A garejina na taɓa ɓata wuni guda kan EGR ɗin irin wannan mota, ashe tsagewa ce a tiyon nan, ko tsawon ɗan yatsa ba ta kai ba. Yarana har yau suna tsokanata da ita.

Kada ka biya kuɗin kwamfuta irin ta motocin yanzu, sai daga 1996 aka wajabta OBD-II, wato tsarin da irin wannan kwamfuta ke karantawa, a motocin Amurka. Taka da waya ake tambayarta: a haɗa ramukan TE1 da E1 na soket ɗin gwajin motar, a ƙirga ƙiftawar fitilar injin. Lamba 71 ita ce ta EGR.

Batun toshewa kuwa, nakan sa faranti ya rufe hanyar EGR na minti goma don gwaji kawai. In ka bar shi, ranar da ka yi lodi kana hawan tudu cikin zafin Afrilu za ka iya jin injin yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, kuma fistin ne ke shan wannan dukan. Kada kuma a murɗa maka sukurun silo don a ɓoye karkarwar, wajen 750 ya kamata allurar juyin injin ta tsaya. In wanki ya gaza, nemi bawul na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, amma ka zuƙa shi a gaban mai shago ka ga sandar cikinsa ta ɗaga kafin ka miƙa kuɗi.