Kafin ƙanenka ya sa hannu, ka duba shekarar da ya gama sakandare

Wallahi ɗan'uwa, ina karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce ƙanenka ya gama sakandare bara, wani kulob na lig ɗin ƙwallon kwando yana so ya riƙa ba shi kuɗi duk wata, kana tsoron kada hakan ya hana shi buga wa jami'a a nan gida ko a Amurka. Ramin da na faɗa ke nan, shi ya sa ba zan iya wucewa ban yi magana ba.

Na nan gida kada ya hana ka barci. Na buga NUGA, gasar wasannin jami'o'in Najeriya, ta Makurɗi a 2017, kuma a wajen tantancewa abin da aka nema shi ne shaidar cewa ni ɗalibi ne na gaske, katin makaranta da lambar rajista. 'Yan haya ake farauta. Ba wanda ya tambaye ni ko na taɓa karɓar ko sisi a hannun kulob. Amurka ce ke da wuyar sha'ani, kuma ba ta inda mutane ke zato ba.

Ni a 2011 na gama sakandare. Ban samu jami'a ba, sai na shiga wani kulob, ana ba mu dubu goma sha biyar a wata, shi ma sai an ga dama. Manajan ya kawo takarda mai shafi uku muna cikin mota za mu tafi wasa, ya ce ta rajista ce, kowa ya sa hannu. A kan cinyata na sa hannu, mota na jijjiga, ban karanta layi ɗaya ba, bai kuma ba kowa kwafi ba. A 2014 wani koci daga wata jami'ar Amurka ya ga bidiyona, ya ce yana so na. Sai NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta turo tambayoyi: nawa aka biya ka, na mene ne, ina kwantiragin? Ka'idarsu a lokacin, za ka iya buga wa kulob na ƙwararru kafin ka shiga jami'a muddin abin da aka ba ka bai wuce kuɗin ci da kwana da mota ba. Nawa ko kuɗin takalmi bai kai ba. Wasiƙa ɗaya tal nake nema daga manajan.

Sau bakwai ina zuwa gidansa. Akwai ranar da na zauna a kan dakalin ƙofar gidan tun bayan la'asar har aka kira isha'i, ina jin muryarsa a ciki, yaro yana fitowa yana ce min ba ya nan. Da ya fito zai tafi masallaci na sha gabansa, na durƙusa, ni da nake kiransa Baba. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wace takarda? In Turawan suna son ka su zo su biya ni wahalata." Mutumin da na buga masa wasa da kumburarren idon sawu, muna ɗaure shi da bandeji saboda ya ce babu wani dogo a benci. Hajiyarmu ta riga ta sayar da raguna biyu an yi min fasfo. Daren nan ban iya shiga gida ba, a filin wasa na zauna har aka kashe fitila. Har yau in na gan shi a wajen biki sai na canza hanya, Allah ya yafe min, amma abin bai fita a raina ba.

Kuma ko da ya ba ni wasiƙar, akwai abin da ba wanda ya faɗa min: agogo. A rukuni na ɗaya na NCAA, wato na manyan jami'o'i, a lokacin shekara ɗaya ake yi maka lamuni bayan lokacin da ya kamata ka gama sakandare. Duk shekarar da ka ƙara kana buga wasa na gasa, ana zare maka kakar wasa guda cikin huɗun da kake da su, a kuma sa ka zauna shekara kafin ka fara. Sake rubuta WAEC ba ya tsayar da agogon. Kocin ya lissafa, ya ga saura kaka biyu, ga maganar kuɗi ba ta warware ba, ya daina amsa saƙona. Ban ga laifinsa ba.

Za a ce maka yanzu komai ya canza. Gaskiya an sassauta ƙwarai. A da, ɗan wasa Enes Kanter an hana shi buga wa jami'ar Kentucky gaba ɗaya a kakar 2010 saboda dala dubu 33 da ɗoriya da ya karɓa a kulob ɗin Fenerbahce na Turkiyya. Amma tun Yulin 2021 'yan wasan jami'a na samun kuɗi da sunansu, kuma a ƙarshen 2025 ɗan Najeriya James Nnaji, wanda ya buga wa Barcelona har aka zaɓe shi a NBA, babban lig ɗin ƙwararru na Amurka, a 2023, ya samu izinin buga wa jami'ar Baylor. Na yi masa murna, na kuma yi kuka a raina. Sai dai shi kulob ɗinsa na da ofis da lauyoyi da takardar kowane kwabo. Ƙanenka wa zai rubuta masa?

To ka karɓi kwantiragin ka kai wa lauya, kada yaron ya sa hannu a fili ko a mota. Kuɗi su shigo ta banki, a rubuta na mene ne. Duk ejan ɗin da ya ce a rage masa shekaru, ku rabu da shi, na ga yaron da wannan ya kashe wa gaba. Ya yi rajista da NCAA tun yanzu, ya kuma cike JAMB ɗinsa, don digirin da na yi a gida shi ke ciyar da ni yau. Ku kula da gwiwarsa, filayen siminti na cinye dogayen yara. Kuma don Allah kada a sa tsohuwa ta sayar da komai tukuna.

Ka faɗa min watan da ya rubuta WAEC da ko ya riga ya buga wasan lig ko da ɗaya ne, in lissafa maka abin da ya rage masa.