Hukuncin Cike Ƙashi Mai Ruɓa da Garin Gilashi

Tambaya: Malam, ɗana ya faɗi daga kabu-kabu a hanyar Tibiri, ƙwaurinsa ya karye. Maɗori ya ɗora, amma yau wata takwas gyambon bai daina mugunya ba. Likita ya ce ƙwayoyin cuta sun shiga ƙashin, za a kankare ruɓaɓɓen wurin a cike ramin da wani garin gilashi. Uwarsa ta ce ba a zuba wa ɗan Musulmi kwalba a jiki. Ya halatta? Sallarsa fa? Daga Bagalam, Maradi.

Amsa: Da sunan Allah. Allah Ya ba yaron lafiya. Ya halatta, Malam, kuma sallarsa ingantacciya ce.

Tsoron uwarsa na uwa ne, sai dai wannan ba kwalbar lemo ba ce da aka daka. Wani masani Ba'amurke, Larry Hench, ya fara haɗa shi a 1969, kuma irin da ake yi wa ciwon ƙashi, S53P4, a Finlan aka samar da shi. Asalinsa sinadarin yashi ne da kalsiyam da fosforas da sodiyam, ɗan'uwan wanda ke cikin kanwa. In ya gamu da ruwan jiki yakan narke sannu a hankali, wurin ya yi kaifin kanwa har ƙwayoyin cutar su kasa rayuwa, sabon ƙashi kuma ya manne masa ya hau kansa.

Abin da malamanmu suka yi dogon zance a kai shi ne ɗori da ƙashin mushe, domin a mazhabar Malikiyya najasa ne. Nan kuwa babu mushe, babu alade, babu abin da aka ciro daga gawar mutum. Ma'adinin ƙasa ne, asalinsa tsarki. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an yanke hancin Arfaja bin As'ad a yaƙin Kulab, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. In zinaren da aka haramta wa maza ya halatta saboda larura, to ina ga yashi?

Abin da ke cikin jiki ba ya hana alwala ko wanka. Bandejin da ke waje, in cire shi zai cutar, yaron ya shafa a kan bandejin. Ranar da ajali ya zo ma ba a fasa ƙashi don a fitar da garin gilashin.

Sharaɗina biyu. Ƙwararren likitan ƙashi ne zai yi aikin, ya kankare mataccen ƙashin tukuna, kuma yaron ya shanye maganin da za a rubuta masa har ƙarshe. Ban raina maɗora ba, ni kaina an ɗora mini hannu ina yaro, amma gyambon wata takwas ya wuce tsinke da tofi. Ku karanta wa uwarsa wannan a hankali, sannan ku koma wajen likitan cikin makon nan.

Wallahu a'alam.