Na haddace manyan kalmomin Turanci amma rubutuna ƙara lalacewa yake, ina matsalar take?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a taimaka min, raina ya gama ɓaci. Zan sake rubuta IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, karon farko makin rubutu ne ya kayar da ni. Tun lokacin nake bin wani mai koyarwa a intanet da yake cewa a daina amfani da ƙananan kalmomi irin "good", "big", "do", yana ba mu manya da za mu sa a madadinsu, na cika littafi guda da su kuma na haddace. Amma mai duba min rubutu ya ce yanzu ya fi na da muni. Misali na rubuta "My teacher was a notorious scholar who perpetrated many good deeds", ya ja layi ya ce zagin malamina na yi. Kaina ne ba ya ja ko kuwa haddar ce ba ta isa ba?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, kanka lafiya lau, wanda ya iya haddace littafi guda ai ba a ce masa kansa ba ya ja. Amma mai duba maka rubutun gaskiya ya faɗa maka. "Famous" shahara ce, "notorious" kuwa ƙaurin suna ne, sai wanda aka sani da mugun abu ake ce wa haka. "Perpetrate" kuma abokan tafiyarsa su ne "crime", "fraud", "attack", ba a haɗa shi da alheri sai in ba'a ake yi. Abin da kake son faɗa shi ne "My teacher was a well-known scholar who did a lot of good", kuma ka lura "did" da "good" ɗin da aka hana ka su ne suka gyara jimlar.

To bari in tsaya a kan wannan, don wallahi kullum sai na ci karo da shi kuma ya ishe ni. An cusa wa ɗalibai cewa in kalmomi biyu suna layi ɗaya a ƙamus to ma'anarsu ɗaya, ka cire wannan ka sa waccan shikenan, kuma wacce ta fi tsawo ta fi kawo maki. Ƙarya ce. Kai kanka ba haka kake yi da Hausa ba. "Mutu" da "rasu" da "sheƙa barzahu" duk ƙamus zai iya ba ka "die", amma ka taɓa jin an ce akuya ta rasu? Ko ka je wa mutum ka ce masa ka ji mahaifinsa ya sheƙa barzahu ka ga abin da zai biyo baya. Ba wanda ya zaunar da kai ya koya maka wannan, ji ka yi ta yi har ya zauna. To me ya sa za ka ɗauka Turanci shi ba shi da irin wannan?

Hasali ma nasa ya fi yawa, kuma akwai dalili. A 1066 William na Normandi da ke Faransa ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ƙarnuka, ga Latin a hannun coci da masu ilimi, talakawa kuma suna ta yin Ingilishinsu. Shi ya sa abu ɗaya za ka same shi da suna uku, "ask" na asali, "question" ta hanyar Faransanci, "interrogate" daga Latin, haka "kingly", "royal", "regal". Da yake sun zauna tare shekaru ɗaruruwa sai suka raba aiki, kowacce ta kama wurinta. "Interrogate" ya koma hannun masu bincike da ɗan sanda, in ka rubuta "I interrogated my mother about her health" mai karatu zai ga ka titsiye tsohuwa ne a ɗakin tuhuma. Shi kansa littafin kalmomi masu kusancin ma'ana ("thesaurus") da masu ba ku jerin manyan kalmomin nan suke kwasowa daga irinsa, wanda likitan nan Peter Mark Roget ya fitar a 1852, tara kalmomi ya yi bisa kusancin tunani domin wanda ya riga ya san su ya tuna wacce ta kuɓuce masa. Bai ce daidai suke ba. Makullai ne masu kama da juna a zobe ɗaya, kowanne da ƙofarsa.

Kuma ba ma'ana kaɗai ba ce. Kowace kalma tana da waɗanda take yarda ta zauna kusa da su. Ana cewa "heavy rain" amma "strong wind", ka juya su ka ce "strong rain" za a gane ka amma an san ba haka ake faɗa ba. "Make a mistake" amma "do your homework", mu kuwa duk "yi" muke cewa shi ya sa muke cakuɗa su. "A big mistake" daidai ne, "a large mistake" kunne ba ya karɓa, alhali "a large amount" shi ne daidai. Babu wata doka ta hankali a nan da za ka zauna ka lissafo, sabo ne kawai na masu harshen. Masanin harshe J. R. Firth ya faɗi wannan tun 1957, cewa da abokan zamanta ake sanin kalma, daga baya John Sinclair da mutanensa a Jami'ar Birmingham suka loda wa kwamfuta miliyoyin kalmomi na rubutu da maganar gaske suka duba, daga nan ƙamus ɗin COBUILD ya fito a 1987. Irin wannan binciken ne ya nuna abin da ko 'yan asalin harshen ba su cika lura da shi ba, misali "cause" yawanci da sharri yake tafiya, "cause damage", "cause problems", "cause death", shi ya sa "technology has caused many benefits" da ɗalibai ke yawan rubutawa yake da wani irin ɗanɗano, "brought" ya kamata.

Sai nahawu, wanda masu jerin ba sa ko ambatonsa. Ka canza kalma sau da yawa ginin jimlar ma ya canza. "Give me the book" daidai, amma sa "donate" a wurin "give" ka ga, "donate me the book" ba Turanci ba ne, sai "donate the book to me". "Tell him" daidai, "explain him" kuskure. "Talk about the issue" daidai, "discuss about the issue" kuskure, "discuss" ba ya ɗaukar "about". Kenan duk babbar kalmar da ka ɗauko ba tare da ginin da take buƙata ba, kuskure biyu ka saya, na kalma da na nahawu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne rainin da suke koya muku na ƙananan kalmomi, wai na 'yan firamare ne. Haba! A bugu na biyu na babban ƙamus ɗin Oxford, na 1989, kalmar "set" tana da ma'anoni 430, da aka sake bitar "run" kuma aka samu 645 a matsayinta na aikatau kaɗai. "Run a business", "run out of time", "run a test", "run for office", "in the long run". Wanda ya mallaki "run", "get", "take", "put", "set" da 'yan ƙananan da ke bin su irin "up", "off", "out" ya fi wanda ya haddace "gargantuan" iya Turanci nesa ba kusa ba, kuma su ne masu wahalar, shi ya sa ba a yin bidiyon minti ɗaya a kansu.

Game da jarrabawar taka, abu huɗu ake aunawa a rubutun IELTS kuma nauyinsu ɗaya, amsa abin da aka tambaya, tsari da haɗuwar zance, kalmomi, sai nahawu. Ka nemo bayanin makin da su da kansu suka wallafa, kyauta ne, ka karanta sashen kalmomi. E, suna son ganin kalmomin da ba gama-gari ba, amma a wuri ɗaya suna maganar dacewa da salo da abokan tafiyar kalma, kuma kuskuren zaɓen kalma yana rage maki. Babu inda aka ce "good" haramun ne.

Kar ka fahimce ni a baibai, ban ce yawan kalmomi ba shi da amfani ba, ko hadda ɓata lokaci ce. Masanin koyar da kalmomin Turanci Paul Nation ya ƙiyasta a 2006 cewa mutum na buƙatar dangin kalmomi (wato kalma tare da rassan da suka fito daga gare ta) 8,000 zuwa 9,000 kafin ya karanta jarida ko labari ba tare da taimako ba, to ka ga akwai aiki. Amma da tsari ake bi, mafi yawan amfani tukuna. Masani Michael West ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da aka fi amfani da su tun 1953, masaniya Averil Coxhead ta fitar da 570 na rubutun ilimi a shekarar 2000, irin su "analyse", "significant", "approach", waɗannan su ne za su yi maka aiki a jarrabawa. Kuma kalmar da kake ganewa in ka gan ta daban, wacce ka isa ka rubuta daban, ta farkon kullum ta fi yawa, ko a Hausa haka ne.

Littafin naka kar ka yar. Ka samu ƙamus na masu koyo, Oxford Advanced Learner's ko Longman ko Cambridge, duk suna intanet, ka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Kar ka tsaya a ma'anar farko, ka karanta misalan, ka duba 'yar alamar da suke sawa a gefe, "formal", "disapproving", "old-fashioned", "literary", wannan alamar da kowa ke tsallakewa ita ce da ta cece ka daga abin kunya da yawa. Ka sake rubuta kowace kalma tare da abokanta biyu ko uku da jimla guda ta gaske, ba ita kaɗai tsirara ba. Wacce ba ka taɓa gani a rubutun da kake karantawa ba, ajiye ta gefe, ba ta kai shiga alƙalaminka ba tukuna. Littafin zai ragu sosai, kar hakan ya dame ka.

Su kuma masu wannan sana'ar ta raba jerin manyan kalmomi a intanet, ku ji tsoron Allah. Yaro ya tara kuɗin jarrabawa da ƙyar, ya ba ku lokacinsa da amanarsa, ku kuma kun kwafo jeri daga wani wuri ba ku ko buɗe ƙamus kun duba ba, don dai a danna muku a yaɗa. In ya faɗi ba ku kuke biya ba, kansa zai zarga kamar yadda wannan bawan Allah ya zo yana tambaya ko kansa ne ba ya ja. Kai kuma ɗan'uwa ga gwaji mai sauƙi, duk wanda ya ce maka ka sa kaza a madadin kaza, ka ce ya ba ka jimla ɗaya da musayar ba za ta yiwu ba. Malamin gaske zai ba ka uku nan take. In ya fara kame-kame, ka daina bin sa.