Ga 'yar'uwar da zare ke cukurkuɗe mata

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sanya alheri a sabon keken ɗinkin. Kin ce kin sayi Butterfly na ƙafa don ki riƙa ɗinki a gida, amma zare sai ya dunƙule ta ƙasan yadi.

Yawanci laifin ba na ƙoshiya (mazaunin zaren ƙasa) ba ne, zaren sama ne bai zauna daidai ba. Ki ɗaga ƙafar da ke danne yadi, ki cire zaren saman gaba ɗaya, ki sake saƙala shi tun daga farko. Za ki fara ɗinki, ki riƙe bakin zaren biyu ta baya, ki juyo wilin hannu na gefen keken zuwa wajenki, kada ki mayar da shi baya. Ni ma sati guda na yi ina wannan fama, har na fara zargin mai shago.

Allura lamba 14 ta isar wa atamfa, 16 kuma ta yadi mai kauri. Man keke kawai za ki ɗiga, ban da man gyaɗa, daskarewa yake yi.

Don Allah kada ki fara da atamfarki mai tsada. Ki karɓo ƙyallaye wurin telan unguwarku, ki yi ta layi miƙaƙƙe, sannan ki gwada rigar filo.